Yadda ake rufe bakin ƙwayar gado don gano abin da ke tafiyar da sankarar ƙwaƙwalwa

Likitan tiyata yana iya cire ƙarin giliyoblastoma, wata muguwar sankarar ƙwaƙwalwa, har hoton MRI ya nuna wurin fes, bayan 'yan watanni kuma cutar ta dawo, galibi a bakin inda aka yanka. Tun kafin wuƙa ta taɓa wurin, wasu sel na ƙarin, wato ƙwayoyin halittarsa, sun riga sun sulale ɗaya bayan ɗaya cikin lafiyayyen naman ƙwaƙwalwa, inda ido ba ya kaiwa, hoto ma ba ya kama su. A 1928 Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya kai ga cire ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ɗungurungum ga wasu masu ƙari, amma ko hakan bai hana cutar dawowa ba. A 2005 binciken da Roger Stupp ya jagoranta ya nuna cewa haɗa maganin temozolomide da gashin radiyo ya ɗaga matsakaicin rayuwar majinyata daga wata 12.1 zuwa 14.6, kuma har yau a kan wannan tsarin ake tafiya. Shi ya sa tambayar abin da ke ba waɗannan sel ƙafa ta cancanci wahalar ɗalibi.

Wannan jagora ta ɗalibin digiri na biyu ko na uku ce da zai rufe bakin ƙwayar gado guda da siRNA, wato guntun RNA mai datse saƙon ƙwayar gado kafin ya zama furotin, ya auna ko sel sun rage tafiya. Aikin hannun ba shi da wuya, mako biyu sun isa mutum ya iya shi. Inda ake faɗuwa shi ne wajen fassara. Sel da ya mutu ba ya tafiya, sel da ya daina rabuwa ma ba ya cike filin da aka karce a farantin gwaji, kuma dukansu biyu suna ba da hoto iri ɗaya da na sel da aka karya wa ƙafa da gaske. Kowane mataki a nan an gina shi ne don raba waɗannan abubuwa uku.

Mataki na 1: San yadda sel ɗin ke tafiya kafin ka zaɓi abin da za ka rufe

Sel na giliyoma, dangin ƙarin ƙwaƙwalwa da giliyoblastoma ke ciki, ba sa yawo barkatai. Tun a ƙarshen shekarun 1930 Hans Joachim Scherer, masanin cututtukan ƙwaƙwalwa ɗan Jamus, ya bayyana hanyoyinsu: suna bin bayan jijiyoyin jini, suna bin fararen zaruruwan jijiya, suna taruwa kewaye da sel na jijiya, suna kuma shimfiɗuwa ƙarƙashin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ta fararen zaruruwan nan ne suke tsallakawa daga ɓari guda zuwa ɗaya. Da wuya ƙwarai su fita daga ƙwaƙwalwa zuwa huhu ko hanta kamar sauran cututtukan daji.

Tafiyar kanta tana da gaɓoɓi. Sel yana miƙa gabansa ta hanyar jera zaren aktin, kuma furotin Rac1 da Cdc42 ne ke ba da wannan umarni. Sai ya kama abin da ke gabansa da furotin masu riƙo: intagirin irin su αvβ3 da αvβ5 suna kama shimfiɗar jijiyar jini, CD44 kuma yana kama hayaluronan, wanda shi ne ya fi yawa a tsakanin sel na ƙwaƙwalwa. Furotin FAK yana kai labarin riƙon zuwa ciki. Inda hanya ta toshe, sai sel ya saki inzayim masu yanka: MMP-2, MMP-9, da MT1-MMP wanda ke zaune a fatar sel yana kunna MMP-2. Daga nan RhoA da mayosin II su matse bayan sel su jawo shi gaba. Akwai kuma abin da ɗakin binciken Harald Sontheimer ya daɗe yana nunawa: sel na giliyoma yana fitar da kuloraid da fotasiyam ta ƙofofin fatarsa, ruwa ya bi su, sai ya tsuke kamar salkar da aka matse, ya ratsa matsatsin da a da ba zai shige ba. Abin da ke kiransa gaba kuwa sinadarai ne irin su CXCL12, wanda furotin CXCR4 na fatar sel ke shaƙa, da HGF, wanda c-Met ke shaƙa.

Amfanin sanin wannan shi ne ƙwayar gadon da ka zaɓa ita ke zaɓa maka gwaji. In RAC1 ka rufe, gwajin karce a kan faranti, inda ake karce fili a shimfiɗar sel a ga yadda za su rufe shi, zai iya nuna bambanci. In MMP14 ka rufe, wadda ke samar da MT1-MMP, kada ka yi mamaki in karcen ya rufe kamar ba a yi komai ba, domin a kan robar faranti babu abin yankawa. Ita sai an sa mata shinge a gaba.

Kafin ka kashe ko sisi, duba rumbunan bayanai na kyauta. TCGA, wanda giliyoblastoma ce sankarar farko da ya wallafa a 2008, ana shigarsa ta cBioPortal ko GlioVis. Ivy GAP yana nuna yadda ƙwayoyin gado ke aiki a sassa daban-daban na ƙarin, daga tsakiya zuwa baki, sai dai ka tuna samfurin bakin ƙari yawancinsa lafiyayyun sel ne. DepMap kuma zai gaya maka ko sel ba sa rayuwa in babu ƙwayar gadon. In haka ne, ka san tun yanzu mutuwa za ta gauraya da sakamakonka.

Mataki na 2: Tabbatar da sel ɗin da ke hannunka

Layukan sel, wato zuriyar sel na ƙari da ake raino a ɗakin gwaji, da aka fi amfani da su su ne U87MG, U251, LN229, T98G da A172. Suna da bambanci mai muhimmanci. U87MG ba shi da furotin PTEN mai aiki, LN229 yana da shi, kuma PTEN birki ne ga hanyar PI3K da ke ingiza tafiya. U87MG yana son dunƙulewa gungu-gungu, don haka shimfiɗarsa ba ta yin sumul yadda gwajin karce ke so. U251 da LN229 sun fi dacewa da wannan. Yi aiki da layi biyu aƙalla.

A 2016 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin, inda aka fara raino U87MG a shekarun 1960, sun gano cewa wanda ake rarrabawa a duniya da wannan suna ba daga ainihin ƙarin farko ya fito ba. An kuma daɗe da gano cewa abin da ɗakuna da yawa ke kira U373 a gaskiya U251 ne. Saboda haka in kwalbar sel ta zo maka daga hannun abokin aiki, wanda shi ma wani ya ba shi, a yi mata gwajin STR, mai duba tambarin DNA, a tabbatar da asalinta. A kuma gwada maikofilasma da PCR. Wannan ƙwayar cuta ba ta gurɓata ruwan raino yadda ido zai gani, amma tana sauya rabuwar sel da tafiyarsu.

Ana raino a ruwan DMEM mai kashi 10 cikin 100 na siram, wato ruwan jinin ɗan tayin saniya, a zafin digiri 37 da iskar CO2 kashi 5. A inda wuta ke zuwa tana tafiya, a haɗa inkubeta da inbata ko sola kafin a fara komai. Sel da suka kwana cikin sanyi suna rage tafiya, kuma farantin da ke bakin ƙofa ya fi na ciki jin sanyin, sai ka ga bambancin da ba ruwansa da siRNA.

Sannan ka tabbatar layin naka yana samar da furotin ɗin da kake hari. Ƙari da kansa yana rufe bakin wasu ƙwayoyin gado ta hanyar liƙa rukunin metil a kan wuraren CpG da ke mafarinsu, ko ta hanyar furotin EZH2 da ke sa alamar H3K27me3 a kan histon, furotin da DNA ke naɗuwa a kansa, har DNA ya naɗe ya ƙi karantuwa. Sanannen misali shi ne MGMT, mai gyara ɓarnar da temozolomide ke yi wa DNA. Monika Hegi da abokan aikinta sun nuna a 2005 cewa majinyatan da ƙarinsu ya rufe MGMT da metil sun fi cin moriyar maganin. A faranti ma haka ne: T98G yana da MGMT da yawa, U87MG da U251 kuwa kusan babu. In ƙwayar gadonka na cikin waɗanda aka riga aka rufe, ba abin da siRNA zai rufe. Sai ka juya gwajin: ka buɗe ta da decitabine, maganin da ke hana liƙa metil, ko ka shigar da ita da filasmid, wato zoben DNA mai ɗauke da ita, ka ga ko tafiya za ta ragu.

Mataki na 3: Zaɓi siRNA da abokan kwatanci

Andrew Fire da Craig Mello ne suka bayyana wannan hanya ta rufe bakin ƙwayar gado da RNA a 1998 cikin wata 'yar tsutsa, suka sami kyautar Nobel a 2006. A 2001 ɗakin Thomas Tuschl ya nuna cewa guntun RNA mai zare biyu, mai haruffa 21, yana aiki a sel na dabbobi masu shayarwa ba tare da tayar da garkuwar intaferon da dogon RNA ke tayarwa ba. A cikin sel, rukunin furotin da ake kira RISC yana ɗaukar zare ɗaya, ya nemo RNA ɗan aike da ya dace da shi, Argonaute 2 ya datse shi. DNA yana nan lafiya, saƙon ne ba ya isa, shi ya sa tasirin ke gushewa bayan 'yan kwanaki.

Matsalar tana cikin haruffa na 2 zuwa na 8 na zaren. Waɗannan kaɗai sun isa su sa siRNA ya danne wasu saƙonni da dama da ba su kake nufi ba, kamar yadda ƙananan RNA na cikin sel ke yi. Saboda haka siRNA guda ɗaya ba hujja ba ce ko da sakamakonsa ya kai kyau. Sayi biyu, in da hali uku, masu kama wurare daban-daban na saƙo ɗaya. Na san kuɗi na da wuya, kuma odar kaya daga waje tana cin watanni, amma gara ka rage yawan ƙwayoyin gadon da za ka bincika da ka rage wannan.

Rukunanka za su zama: sel da ba a taɓa ba, sel da aka ba sinadarin shigarwa kaɗai, sel da aka ba siRNA marar hari, sannan siRNA na ɗaya da na biyu. Da rukunin marar hari ake kwatanta komai.

Mataki na 4: Shigar da siRNA

Shuka sel a faranti mai gurbi 6 yadda washegari za su rufe kamar rabin ƙasan gurbin. Tsarma siRNA a ruwan Opti-MEM cikin bututu ɗaya, sinadarin shigarwa Lipofectamine RNAiMAX cikin wani, ka haɗa su, ka bari su zauna gwargwadon mintunan da takardar kamfani ta ce, sannan ka ɗiga a hankali kana juya farantin. Fara da nanomola 10. Ƙara yawa ba ya cika ƙara rufewa, illa dai ya ƙara danne waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Sa safar hannu, yi amfani da tsinin fifet mai matata, ka raba siRNA ƙanana-ƙanana a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili don kada ka riƙa narkarwa kana daskararwa.

Washegari ka leƙa ta maikiroskof. In sel na rukunin marar hari sun dunƙule suna iyo a saman ruwa, sinadarin shigarwa ya yi yawa. Rage shi ka sake, kada ka ci gaba da sel masu jinya.

Mataki na 5: Tabbatar bakin ya rufu

Bayan awa 24 zuwa 48 ka ciro RNA ka yi qPCR, gwajin da ke auna yawan saƙon, ka lissafa da hanyar 2^-ΔΔCt, da ƙwayoyin gado biyu na ma'auni. Abin da aka saba nema shi ne raguwar kashi 70 cikin 100 ko fiye. Amma furotin ne ke aiki, kuma wani furotin yana daɗewa bayan saƙonsa ya ƙare. Yi Western, gwajin da ke auna yawan furotin, a awa 48 da 72, ka gano lokacin da ya fi yin ƙasa, ka tsara gwajin tafiya ya faɗa cikin wannan tsakanin. Ga MMP14 akwai ƙarin shaida mai araha: zayimogirafin jelatin, inda inzayim mai yanka jelatin ke fitowa a matsayin farin layi. MMP-2 da ba a kunna ba yana fitowa a kilodalton 72, wanda aka kunna kuma ɗan ƙasa da shi. In rufewar ta yi, farin layin na ƙasa zai dusashe.

Mataki na 6: Gwajin karce

Kana buƙatar shimfiɗar sel da ta cika gurbi ba giɓi. Ja layi biyu da maka a bayan farantin don ka riƙa komawa wuri ɗaya. Ɗauki tsinin fifet na maikirolita 200, ka tsayar da shi cak, ka ja shi sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa da nauyin hannu iri ɗaya a kowane gurbi. Wanke da ruwan gishiri na PBS sau biyu don tarkacen sel kada su sauka tsakiyar fili su zama tsibirai. Zuba ruwan raino mai siram kashi 1 ko ƙasa da haka. Ɗauki hoto nan take, sannan a awa 6, 12 da 24.

A awa 6 ka tsaya ka kalli bakin karcen da babban gilashi, domin a nan ne ake ganin abin da lissafin faɗi ba ya nunawa. Sel mai lafiyar tafiya yana shimfiɗa gabansa fale-fale kamar mafici zuwa cikin fili, gefen yana da duhun tattara, ƙwayar tsakiyarsa ta koma baya, jelarsa ta yi siriri. Sel da aka rufe wa RAC1 yakan tsaya da baki a miƙe, ba shimfiɗar. Sel mai mutuwa kuwa yana zama ƙwallo mai sheƙi, fatarsa na kumbura ƙuraje-ƙuraje. Ɗauki hoton waɗannan, za su yi maka amfani ranar kare kundi.

Yanzu ga babbar magana. Waɗannan layuka suna ninkuwa cikin kamar kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wato cikin awa 24 rabuwa kaɗai tana iya cike wani ɓangare na filin. In siRNA ɗinka ya rage rabuwa, karce zai yi jinkirin rufewa ko da ƙafar sel lafiya lau take. Maganinsa uku ne, kuma ina ganin a haɗa su duka. Ka jiƙa sel da mitomycin C, mai tsayar da rabuwa, na awa 2 kafin karce, wanda akan fara da maikirogiram 5 zuwa 10 a kowace mililita, bayan ka gwada adadin da layinka ke jurewa. Guba ce, a yi aikinta cikin akwatin iska. Ka dogara da hotunan awa 12 fiye da na 24. Sannan ka shuka faranti na daban daga sel iri ɗaya, a rana ɗaya, ka ƙirga rayayyu da trypan blue ko MTT. Wannan faranti shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma in babu shi ban ga yadda za a yarda da sakamakon ba.

Akwai wani abin lura. Tun 1996 Alf Giese da abokan aikinsa suka kawo hujjar cewa sel na giliyoma yakan karkata ga ɗaya, ko tafiya ko rabuwa. Don haka kana iya rufe wata ƙwayar gado ka ga tafiya ta ragu, rabuwa ta ƙaru. Wannan sakamako ne na gaske, a rubuta shi yadda yake.

Auna faɗin fili da ImageJ ko Fiji, kyauta ne. Ba wani ya sauya sunayen hotunan kafin ka auna, yadda ba za ka san na wane rukuni kake zagayewa ba.

Mataki na 7: Gwajin ratsa rariya

Wannan ya samo asali daga akwatin da Stephen Boyden ya ƙirƙira a 1962. Ɗan kofi ne mai rariya a ƙasa, ramukanta maikiromita 8, ana rataye shi cikin gurbin faranti mai 24. A ƙasa ka zuba ruwan raino mai siram kashi 10, a cikin kofin ka sa sel 20,000 zuwa 50,000 cikin ruwa marar siram. Ƙirga su sau biyu, rayayyu kaɗai, domin kuskuren ƙirga a nan kai tsaye yake zama sakamakon ƙarya. Duba ƙarƙashin kofin kada kumfar iska ta maƙale, duk inda take sel ba sa ratsawa.

Rariya tsirara tana auna tafiya. Rariyar da aka shafe da Matrigel, jel na furotin da ke zama shinge a gaban sel, tana auna kutse, kuma a nan ne MMP14 zai nuna kansa. Yi su biyun tare. Matrigel ruwa ne a digiri 4, yana daskarewa da zarar ya ji ɗumi, kuma a zafin bazara ba ya jira. Narkar da shi cikin ƙanƙara a firij tun dare, ka sanyaya tsinin fifet da bututu, ka yi komai a kan ƙanƙara.

Bayan awa 16 zuwa 24 ka goge cikin kofin da auduga mai tsinke da aka jiƙa, kana murzawa a hankali har kusurwoyi, don waɗanda ba su ratsa ba su fita duka. Kafe na ƙasan da methanol ko PFA kashi 4, ka rina da crystal violet. Za ka ga sel shuɗi-ja a warwatse, ramukan rariya kuma ƙananan da'irori marasa launi, kada ka ƙirga su. Sel sukan fi taruwa a gefe, don haka ka tsayar da wuraren ɗaukar hoto tun farko, tsakiya da kusurwa huɗu, iri ɗaya ga kowane kofi.

Mataki na 8: Mayar da abin da ka cire

Hujja mafi ƙarfi ita ce ceto. Shigar da filasmid mai ɗauke da ƙwayar gadon, wanda aka sauya wa 'yan haruffa a inda siRNA ke kamawa ba tare da an sauya furotin ɗin ba. In siRNA ɗinka yana kama jelar saƙon da ba a fassarawa, filasmid marar wannan jela ya wadatar. In tafiya ta dawo, ka san furotin ɗin ne sanadi. In ba ta dawo ba, siRNA ya taɓa wani abu dabam.

Maimaita dukan gwajin sau uku a ranaku daban-daban da sel da aka shuka daban. Gurbi uku a faranti ɗaya maimaici ɗaya ne. In kana buƙatar rufewa mai ɗorewa na makonni, sai ka koma shRNA ta lentibairos da zaɓe da puromycin, ko CRISPRi mai amfani da dCas9-KRAB, kuma waɗannan suna buƙatar izinin kwamitin kula da haɗarin halittu na jami'arka.

Mataki na 9: Faɗi iya abin da ka gani

Robar faranti ta fi naman ƙwaƙwalwa tauri nesa ba kusa ba, Matrigel kuma daga ƙarin ɓera ake samunsa, cike yake da laminin, ya fi kama da shimfiɗar jijiyar jini fiye da sauran ƙwaƙwalwa mai hayaluronan. Sel da suka shekara da shekaru cikin siram sun manta halaye da yawa: U87MG in an dasa shi a ƙwaƙwalwar ɓera dunƙule yake girma mai iyaka, ba ya kutsawa irin na majinyaci. Dogayen bututun da sel na giliyoma ke miƙawa suna haɗa junansu, waɗanda ɗakin Frank Winkler a Heidelberg ya bayyana a 2015 tare da rawar GAP-43 da connexin 43, a cikin rayayyar ƙwaƙwalwa aka gan su. Kuma maganin cilengitide, mai toshe αvβ3 da αvβ5, ya ba da fata a ɗakin gwaji, amma babban gwajin CENTRIC da aka wallafa a 2014 bai nuna ya ƙara wa majinyata kwana ba.

Saboda haka a kundinka ka rubuta cewa rufe ƙwayar gado kaza da siRNA biyu ya rage tafiyar U251 da LN229 da kashi kaza, yawan rayayyun sel bai sauya ba, ceto ya dawo da tafiyar. Kada kalmar magani ta shiga wannan jimla. In sakamakon ya tsallake duk waɗannan matakai, abin da ke gaba shi ne dunƙulen sel da aka binne cikin jel mai hayaluronan a auna nisan da suka fantsama, daga nan sel da aka samo kai tsaye daga majinyaci aka raina ba siram, da yardarsa da izinin kwamitin ɗa'a, a ɗora su kan yankan ƙwaƙwalwar ɓera a bi sawunsu na kwana uku zuwa biyar.